Saƙonni sama da 6,000 da ba a buɗe ba a imel ɗin makaranta: daga ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata makarantar Islamiyya da boko a Aboabo, nan Kumasi. Adireshin Gmail na makarantarmu yana nuna saƙonni sama da 6,000 da ba a buɗe ba, kuma mu uku ne muke shiga cikinsa, wato ni da shugaban makaranta da ma'aji. Kwanan baya takardar gayyata zuwa wani taron horar da malamai ta shigo, ba mu gan ta ba sai da aka gama taron. Wani ya ce in share komai in huta, wani kuma ya ce in mayar da su duka kamar an karanta. A nawa adireshin kuma kullum lamba 3 nake gani a gefen akwatin saƙo, amma na duba ban ga saƙon da ban buɗe ba. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa hidimar da kake yi wa makaranta. Sana'ata gyaran kwamfuta ce da saita imel ga makarantu da 'yan kasuwa a nan Asawase, kuma irin wannan akwatin naku yana cikin abubuwan da aka fi kawo mini. Tun farko ina roƙonka kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu a yanzu. Ta biyun tana da lokacinta, amma a ƙarshen aiki take zuwa bayan an tsamo abin da ke da amfani. Ta farkon kuwa ban ga hujjarta ba a akwatin makaranta, inda rasit da bayanan banki da takardun ofishin ilimi suke kwance, waɗanda za a iya nemansu bayan shekara biyu ko uku idan masu binciken kuɗi suka zo.

Ya kamata ka fara sanin abin da wannan lambar take ƙirgawa, domin a nan yawancin mutane suke ruɗewa. Kowane saƙo da ya shigo yana zaune ne a babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da imel ɗin, kuma tare da shi akwai wata 'yar alama guda ɗaya da ke nuna an buɗe shi ko ba a buɗe ba. Iyakar saninta ke nan. Ba ta san ko an karanta saƙon har ƙarshe ba, ba ta san ko an fahimce shi ba, balle ta san ko an amsa shi. Da zarar wani ya latsa saƙo, ko da yatsansa ne ya taɓa shi bisa kuskure yana cikin trotro a kan hanyar Kejetia, alamar za ta juya, rubutun mai kauri ya koma siriri, kuma haka za a gani a kowace waya da kowace kwamfuta da aka shiga da wannan adireshin. Dalili shi ne alamar tana wurin kamfanin ne, ba a cikin wayarka ba. Manhajojin imel da ke bin ƙa'idar IMAP, wato tsarin da ke barin saƙo a wurin kamfanin kowace na'ura tana leƙo shi daga can, duk haka suke aiki. Tsohuwar ƙa'idar POP3 ce kaɗai take sauke saƙo a na'ura ɗaya ba tare da sauran sun san abin da aka yi da shi a can ba, kuma idan har akwai wata tsohuwar kwamfuta a ofishinku da aka saita ta haka, to lissafinta ba zai taɓa daidaita da na wayoyinku ba. Ka kuma kwantar da hankalinka game da masu aiko saƙo: imel ba kamar WhatsApp ba ne, adireshin Gmail na kyauta ba ya gaya wa wanda ya aiko cewa ka mayar da saƙonsa kamar an karanta.

Bari in fara da lamba 3 ɗin nan taka, tunda ita ce mafi sauƙi. Ka shiga Gmail a kwamfuta, ka je gurbin bincike da ke saman shafi, ka rubuta is:unread in:inbox daidai yadda na rubuta, ba tazara kafin ɗigo biyun ko bayansu, sai ka danna Enter. Abin da zai fito shi ne duk saƙon da ke cikin akwatin wanda ba a buɗe ba, komai tsufansa. Kusan kullum abin da ake samu shi ne wasu tsofaffin saƙonni na shekarun baya da suka nutse can ƙasa, domin Gmail saƙo 50 yake nunawa a shafi ɗaya, ko 100 idan ka canza saitin, kuma ba wanda yake juya shafi har arba'in yana neman rubutu mai kauri. Idan binciken bai fito da komai ba amma lambar tana nan a waya, to ka ja allon manhajar ƙasa domin ta sabunta, sannan ka duba ko akwai adireshi fiye da ɗaya a cikin wayar, tunda lambar da ke kan tambarin manhaja tana iya haɗawa da na wani adireshin da ka manta da shi. Binciken Gmail na yau da kullum ba ya leƙa Spam, wato inda Gmail ke jefa saƙonnin da yake zargin na banza ne, da kwandon shara, sai ka rubuta in:anywhere is:unread kafin ya haɗa da su.

Akwatin makarantar shi ne babban aiki, kuma a kwamfuta za ka yi shi, domin manhajar waya ba ta ba da damar zaɓar dubban saƙonni a lokaci guda. Tun shekarar 2013 Gmail yake raba saƙonnin da ke shigowa zuwa rukuni-rukuni: Primary na saƙonnin mutane, Promotions na tallace-tallace, Social na su Facebook, Updates na rasit da sanarwar banki da makamantansu, sai Forums. Idan waɗannan rukunan suna kunne, lambar da ke gefen Inbox tana ƙirga na Primary ne kaɗai. Saboda haka 6,000 ɗin da kake gani yana nufin ɗayan biyu: ko wani ya kashe rukunan komai ya cakuɗe wuri guda, ko kuma ainihin adadin ya zarce haka nesa. Ko wanne ne, kada yawan ya tsorata ka. A irin waɗannan akwatunan, saƙon da ɗan Adam ya zauna ya rubuto wa makaranta da hannunsa kaɗan ne ƙwarai, sauran duk na'ura ce take aikowa. Aikinka na farko shi ne raba waɗannan biyun. Wanda ya mayar da duka kamar an karanta kafin ya yi wannan rabon, kamar mai goro ne da ya ɗaure huhu bai tsince ba: daga waje ya yi tsaf, amma bai san halin abin da ke ciki ba, kuma ya rasa alamar da za ta taimake shi ganewa.

Ka fara da na kusa, domin su ne har yanzu ake iya yin wani abu a kansu. Rubuta is:unread category:primary newer_than:30d, wato saƙonnin mutane na kwana 30 da suka wuce waɗanda ba a buɗe ba. Harafin d kwana yake nufi, m wata, y kuma shekara, don haka idan ka gama da waɗannan kana iya mayar da shi newer_than:6m ka faɗaɗa zuwa wata shida. Waɗannan sai ka bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ba gajeriyar hanya. Duk wanda yake buƙatar amsa ko wani mataki, ka latsa tauraron da ke gefensa ka wuce, kada ka tsaya amsawa tukuna, domin idan ka tsaya a kan saƙo na biyar kana neman rasit ɗin da aka tambaya, yini zai ƙare ba ka kai na ashirin ba. Bayan haka ka rubuta is:unread has:attachment. Wannan binciken yana da daraja sosai a akwatin makaranta, saboda takardun hukuma kusan duk a maƙale suke zuwa, wasiƙa ce aka sa wa hannu da hatimi aka ɗauki hotonta, sau da yawa ma jikin saƙon ba komai a ciki sai layi ɗaya. Ina kyautata zaton takardar gayyatar da ta wuce ku irin wannan ce.

Daga nan sai ka bi ta masu aikowa. Adireshin hukumomin gwamnatin Gana yana ƙarewa da gov.gh, na jami'o'i irin su KNUST kuma da edu.gh, don haka is:unread from:gov.gh zai tattaro maka abin da ya fito daga ofisoshin gwamnati. Amma kada ka dogara da wannan kaɗai, domin jami'ai da yawa a matakin gunduma da adireshinsu na kansu suke aiko da sanarwa, na Gmail ko na Yahoo, kuma na'ura ba ta da yadda za ta san cewa wannan sunan jami'in sa ido ne na yankinku. Su waɗannan ta sunansu za ka neme su, ko ta kalmomin da irin takardunsu ba sa rasawa. Ka rubuta is:unread workshop, ka duba, ka canza zuwa invitation, sannan circular, sannan deadline, sannan BECE idan kuna da ɗaliban da ke zana wannan jarrabawar ta WAEC. Haka za ka yi da sunan bankinku, da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, da duk wani mai taimaka wa makaranta daga waje, musamman 'yan uwanmu na Zango da ke Jamus ko Amurka ko Italiya, waɗanda sukan aiko da imel sau ɗaya su yi shiru idan ba a amsa ba, a zatonsu ba a buƙata.

Akwai wata dabara da nake amfani da ita a ƙarshen wannan matakin. Kusan duk saƙon da kamfani ke aika wa jama'a da yawa yana ɗauke da kalmar unsubscribe a ƙasansa, saƙon mutum zuwa mutum kuwa ba ya ɗauke da ita. Idan ka rubuta is:unread -unsubscribe, da ƙaramar sandar ragewa a manne da kalmar, Gmail zai cire duk masu ɗauke da ita, ya bar maka jerin da mafi yawansa rubutun mutane ne. Ba ta kama komai, amma takan rage dubbai zuwa abin da mutum zai iya bi da ido a zama ɗaya ko biyu. Ka kuma leƙa Spam tun a ranar farko, saboda Gmail yana share abin da ke ciki da kansa bayan kwana 30, kuma saƙon gaske yakan faɗa can, musamman wanda aka aika wa makarantu da yawa lokaci guda. Idan ka ga irinsa, ka latsa Not spam ya koma akwati.

Sai bayan ka gama wannan tsincewar ne shawarar abokinka na biyu za ta yi amfani, ita ma kashi-kashi. Tallace-tallace da sanarwar shafukan sada zumunta share su za ka yi: rubuta category:promotions older_than:6m, ka latsa ƙaramin akwatin zaɓi da ke sama ta hagu. Zai zaɓi na shafin da kake kai kawai, amma wani layi zai bayyana a saman jerin yana cewa Select all conversations that match this search. Shi za ka latsa, sannan alamar kwandon shara, Gmail ya tambaye ka ko ka tabbata, ka amince. Idan layin bai fito ba, ka duba ko an jera sakamakon a kan Most relevant, ka mayar da shi Most recent. Haka za ka yi wa category:social. Rukunin Updates kuwa kada ka share shi, domin a can rasit da bayanan banki da shaidar biyan kuɗi suke taruwa. Shi da duk sauran tsofaffin, ka neme su da is:unread older_than:3m, ka zaɓe su duka ta wannan hanyar, ka latsa alamar ambulan domin su koma kamar an karanta, sannan ka latsa Archive. Bambancin Archive da sharewa babba ne, kuma ina so ma'aji ma ya san shi. Wanda aka yi wa Archive ya bar gaban akwati ne kawai, yana nan a All Mail, bincike zai fito da shi ko bayan shekara goma. Wanda aka share kuwa kwana 30 yake yi a kwandon shara, daga nan ya tafi ke nan.

Mayar da saƙo kamar an karanta ba ya rage nauyin akwati ko kaɗan, haka ma Archive. Google yana ba kowane adireshi na kyauta 15GB, kuma Gmail da Drive da Photos ne suke raba shi. Idan ya cika, sabon saƙo ba zai shigo ba, komawa yake yi ga wanda ya aiko, kuma wannan ya fi saƙon da ba a buɗe ba muni tunda ba za ku ma san an aiko ba. Ka duba ƙasan shafin Gmail ka ga nawa kuka ci. Idan kun kusa cikawa, larger:10M zai nuna maka manyan saƙonni da suka wuce 10MB, waɗanda galibi hotuna da bidiyon walima ko saukar karatu ne da aka riga aka adana a wani wuri.

Idan ka tsaya a nan, nan da wata shida lambar za ta dawo, saboda ƙofar da suke shigowa tana nan a buɗe. Duk saƙon talla daga kamfanin da kuka sani, ka buɗe ɗaya ka latsa Unsubscribe da Gmail ke nunawa kusa da sunan mai aikowa. Tun 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika saƙo da yawa, irin waɗanda ke aika sama da 5,000 a rana zuwa adiresoshin Gmail, su ba da hanyar fita da latsawa ɗaya, don haka kamfanonin gaske suna mutunta wannan. Wanda ba ku san shi ba kuwa, ko mai cewa kun ci kyauta, kada ka latsa komai a cikinsa, ka danna Report spam kawai. Sanarwar Facebook daga cikin saitin Facebook ɗin ake kashe ta. Kuma ku yi yarjejeniya ku uku cewa adireshin makaranta ba na buɗe shafin sada zumunta ba ne ko sayayya ta intanet, kowa ya yi wannan da nasa.

Matatar saƙo kuma, wato abin da ke tace saƙonni da kansa, wadda Gmail ke kira Filter, tana da amfani matuƙa idan aka yi ta da hankali. A ƙarshen gurbin bincike ta dama akwai wata alama mai layuka, idan ka latsa ta za ka ga wurin rubuta adireshin mai aikowa, a ƙasa kuma Create filter. Ni na fi son a fara da matatar da ke ɗaga saƙo sama kafin wadda ke ɓoye shi. Ka sa adireshin jami'in ilimi na yankinku, ka zaɓi Star it, da Never send it to Spam, da Always mark it as important, ka kuma manna masa lakabi da sunan Ofishin Ilimi. Daga ranar duk abin da ya aiko zai shigo da tauraro da launi, ido ba zai tsallake shi ba. Matatar da ke cewa Skip the Inbox ita nake jin tsoro a hannun wanda bai saba ba. Na ga akwatunan da aka rubuta wa matata kalma mai faɗi kamar school, ta riƙa kwashe duk saƙon da ke ɗauke da kalmar tana kaiwa gefe, masu akwatin suna murna gaban ya yi fes alhali wasiƙu na taruwa a inda ba wanda ke leƙawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: idan za ka ɓoye, ka ɓoye ta cikakken adireshin mai aikowa guda ɗaya wanda ka tabbata na'ura ce, kamar sanarwar shigar kuɗi, kuma ka haɗa da Mark as read domin kada su riƙa ƙara lamba a gefe. Saƙon gaske da ya faɗa Promotions kuwa ba ya buƙatar matata ma, ka ja shi da linzamin kwamfuta ka sake a Primary, Gmail zai tambaye ka ko ya riƙa yin haka nan gaba, ka ce e.

Yanzu ga abin da na ɗauka shi ne ainihin ciwon akwatinku, wanda ya fi 6,000 ɗin haɗari, wato kasancewarku ku uku a kan adireshi ɗaya. Saƙon da ba a buɗe ba aƙalla yana nan da kaurinsa yana jiran a gan shi. Wanda ke ɓacewa da gaske shi ne wanda shugaban makaranta ya buɗe a wayarsa bayan sallar asuba, ya ce a ransa sakatare zai gani, kai kuma ka iso ofis ka tarar da shi siriri, ka ɗauka an riga an yi abin da ya kamata. Ma'aji ya gani shi ma ya yi zaton haka. Kowa ya kyautata wa ɗan uwansa zato, takarda kuma ta kwana. Ba bincike ko matatar da za ta kama wannan, domin a idon Gmail saƙon an karanta shi.

Maganinsa kashi biyu ne, na tsari da na na'ura. Na tsarin shi ne a ɗora wa mutum ɗaya alhakin akwatin, kuma a ganina kai ne tunda kai ne sakatare. Kai za ka buɗe kowane sabon saƙo a lokaci sananne, misali da safe kafin a shiga aji da kuma bayan azahar, ka yanke masa hukunci nan take: wanda za a amsa cikin minti biyu ka amsa, wanda na ma'aji ne ka manna masa lakabin Ma'aji, wanda na shugaba ne ka sa masa nasa lakabin, wanda ba ya buƙatar komai ka yi masa Archive. Su kuma su riƙa duba lakabinsu a gefen hagu, idan sun gama da saƙo su cire lakabin. Ta haka abin da ke jiran aiki yana da alamarsa daban, wadda taɓawar yatsa bisa kuskure ba ta gogewa. Na na'urar kuma shi ne ku daina raba kalmar sirri ɗaya. A cikin saitin Gmail, ƙarƙashin Accounts and Import, akwai Grant access to your account, inda za ka ba shugaba da ma'aji izinin shiga akwatin makaranta ta nasu adireshin. A wurin akwai zaɓin Leave conversation unread when opened by others, wanda idan ka kunna shi, duk saƙon da suka buɗe zai ci gaba da zama da kaurinsa har sai kai ka buɗe. Ƙarin amfaninsa shi ne ranar da aka canza ma'aji, cire sunansa kawai za a yi, ba sai an bi kowa da sabuwar kalmar sirri ba.

Akwai ɗabi'ar da mutane da yawa suke da ita, wadda ba na goyon baya: mutum ya karanta saƙo, sai ya mayar da shi kamar ba a buɗe ba domin ya tuna da shi. A rana ta farko tana aiki. Bayan mako guda kuwa sabbi da tsofaffi sun cakuɗe, lambar ta daina nufin sabon saƙo, ido ya saba da ganinta ya daina kulawa, kuma da haka ake fara tara dubbai. Lambar tana da amfani ne kawai muddin ƙarama ce kuma abu ɗaya take nufi, wato ga abin da ba wanda ya gani tukuna. Idan tunatarwa kake so, Gmail yana da Snooze tun 2018, alamar agogo ce da ke bayyana idan ka ɗora linzami a kan saƙo. Ka zaɓi rana da lokaci, saƙon zai ɓace daga gabanka ya dawo saman akwati a ranar. Takardar da ta ce a miƙa sunayen ɗalibai kafin ƙarshen wata, ka sa ta dawo mako guda kafin wa'adin.

Za ka ji wasu suna cewa ka shiga saiti ka mayar da tsarin akwatin Unread first, wanda ke tara duk waɗanda ba a buɗe ba a sama. Yana da kyau, amma ka san cewa zaɓarsa yana kashe rukunan nan na Primary da Promotions, don haka idan ka kunna shi kafin ka rage tallace-tallace, su ne za su cika saman shafin. Bayan an tsabtace akwatin yana dacewa da makaranta. Idan kuma kun fi son rukunan, ka yi binciken is:unread category:primary sau ɗaya, ka adana shafin a burauza kamar yadda ake adana kowane shafi, latsawa ɗaya zai riƙa kai ka can.

Idan cikinku akwai mai Yahoo, a gefen hagu ƙarƙashin Inbox akwai Unread, ba sai ya rubuta komai ba, sai dai ya kula cewa kwandon sharar Yahoo kwana 7 kawai yake riƙe saƙo. Mai Outlook, wanda shi ne tsohon Hotmail, zai ga Filter a saman jerin saƙonni ya zaɓi Unread, kuma ya tuna akwatinsa kashi biyu ne, Focused da Other, ya riƙa leƙa na biyun. Idan wata rana makaranta ta buɗe shafinta na intanet aka ba ku adireshi mai sunanta, da alama Roundcube za ku tarar, shi ma yana da zaɓin Unread kusa da gurbin bincike.

Abu ɗaya ya rage wanda ba na so ka yi sakaci da shi. A cikin tulin nan za ka ci karo da saƙonnin da ke cewa akwatinku ya cika ko za a rufe shi yau idan ba ku latsa nan kun sa kalmar sirri ba, da masu cewa an turo muku kuɗi ta MoMo bisa kuskure. Duk na 'yan damfara ne, kuma sukan sa tambarin Google ko na banki domin su yi kama da gaske. Ka latsa sunan mai aikowa ka ga cikakken adireshinsa kafin ka yarda da kowane irin wannan. Haka kuma idan bayan kun gyara tsarinku ka fara ganin sabon saƙo ya shigo a buɗe alhali ba ɗayanku da ya taɓa shi, ka ɗauke shi da muhimmanci. Ka gangara ƙasan shafin Gmail ta dama ka latsa Details, zai nuna maka na'urori da wuraren da aka shiga akwatin kwanan nan. Ka duba Filters da Forwarding a cikin saiti ko an dasa wani adireshin da ake tura masa kwafin saƙonninku, domin abin da masu kutse suka fi yi ke nan. Sau da yawa asalin abin wata kwamfuta ce a shagon buga takardu da wani ya shiga ya tashi bai fita ba. Idan ka ga baƙon abu, ka canza kalmar sirri a take, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lambar wayar da ke hannun makaranta, ka cire matatar da ba ku kuka sa ba, sannan ka sanar da hukumar tsaron intanet ta ƙasa ta lambar 292, musamman idan akwai bayanan ɗalibai ko na asusun banki a cikin akwatin.